Baceke a Jikin Madubin Mai Aski

Kowace al'umma da ta san ciwon kanta tana da inda take ajiye gaskiya. Wasu sun gina mata kotuna masu ginshiƙai, wasu sun ɗaure ta a littattafai sun jera a kanta, wasu sun danƙa ta ga dattawa suka ce a je a tambaye su. Mu Hausawan unguwar Ƙurban a Madina, da muka duba muka ga ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan a kusa, sai muka ajiye tamu a kujerar mai aski. Mutum yakan yi wa alƙali ƙarya, ya yi wa likita, ya yi wa matarsa wadda ta fi waɗannan duka, amma da wuya ya yi ƙarya alhali aska tana bisa maƙogwaronsa. Wanda ya shekara ashirin yana riƙe kawunan mutane, yana juya su dama da hagu yadda ya ga dama, ya san abin da ke cikinsu. A kan wannan aƙida na zauna shekaru, ina karantar da ita ga duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya saurarona.

Ni mai harhaɗa magani ne a wata saidaliyya, wato kantin magani, kuma aikin ya koya mini zargi kafin ya koya mini magani. Takardar likita idan ta zo hannuna sai na duba hatimi, na duba rubutu, sannan na duba fuskar wanda ya kawo ta. Matata ta ce ko dabino aka miƙo mini a masallaci sai na juya shi ina neman ranar lalacewarsa. Ban musa ba. A duk faɗin Madina mutum ɗaya ne nake karɓar maganarsa ba tare da na juya ta ba, shi ne mai askinmu.

Mutumin Damagaram ne, ya girme ni da kamar shekara goma. Shagonsa yana tsakanin mai wankin kaya da mai sayar da wake da burodi. Kujera biyu ce a ciki, amma ɗaya ce ke aiki, ɗayar ta masu gardama ce. Ina kiransa Baba, shi kuma yana kirana Lokotoro, yadda suke kiran likita a can wajensu. Na sha gaya masa ni ba likita ba ne. Yakan ce, "Bakano ne yake ƙin girma? To lallai duniya ta zo ƙarshe." Akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa tun kakanni, sai dai shi yana yin nasa da aska a hannu, don haka kullum shi ke da rinjaye.

A kusurwar madubinsa ta sama akwai wani hoto da aka yanko daga mujalla, rana da tururi sun cinye kalarsa. Wani Bature ne a gajeren wando, ƙwallo a ƙafa, idonsa kuwa ba a kan ƙwallon yake ba, yana kallon wani wuri da hoton bai nuna ba. A ƙasa akwai ƙananan rubutu na boko, da wasu alamomi a kan haruffan kamar sawun tsuntsu. Baba da ajami da Larabci ya tashi, rubutun nan bai taɓa damunsa ba. Ɗan ƙasar Cek ne, ɗan wasan tsakiya. Sunansa yana da baƙaƙe a cunkushe babu wasalin da zai raba su faɗa, saboda haka a shagon kowa Baceke yake ce masa.

Baba ya fara ganinsa ne a wani gidan kallo a Damagaram, yana saurayi, a kaset ɗin da aka yi ta maimaitawa har hoton ya riƙa rawa. Daga nan bai sake shi ba. Ya san ƙungiyar da ya fara bugawa a ƙasarsu, ya san lokacin da ya fita waje, ya san wace gwiwa ce ta fara ba shi matsala. Da mutumin ya daina wasa ya koma koci, sai shagon ya bi shi. Ƙungiyar da ya riƙe ita ce tamu, ranar da ya bar ta mu ma mun bar ta. Da haka na ga direbobi da teloli da ba su san inda ƙasar Cek take a taswira ba suna ɓata rai saboda an ci wata ƙungiya a wani gari mai ƙanƙara. Ya taɓa zuwa koyarwa a ƙasashen Larabawa ma, kuma a wannan shekarar Baba ya riƙa tafiya kamar wanda ɗan'uwansa ya samu sarauta.

"Lokotoro," yakan ce mini, yana lanƙwasa mini kunne, "mai cin balo kowa ya san shi, har mahaukaci. Amma wanda ya ba shi fa? Wannan mutumin, balo bai taɓa kwana a ƙafarsa ba. Ya karɓa, ya bayar. Ya karɓa, ya bayar. Da haka attajiranku suke da an zauna lafiya."

Ni ƙwallo, wadda yake ce wa balo, ba ta dame ni ba a lokacin. Nakan ce "haka ne" saboda inda askar take.

Ana nan sai aka zo neman auren 'yata ta fari. A Madina aka haife ta, ta gama karatu tana aiki a wani asibiti. Hausa tana jinta sarai, amma idan ta tashi ba ka amsa da Larabci take ba ka, musamman idan amsar ba mai daɗi ba ce. Manemin injiniya ne, mutumin Katsina, yana aiki a wani kamfanin ruwa a kan hanyar Badar. Ya zo gaishe ni sau biyu. Ya durƙusa, ya yi magana a hankali, hularsa a kafe har kusa da gira. Ban ga aibu ba, kuma wannan shi ya fara tayar mini da hankali. Magani ma idan ba a rubuta illarsa a jikin kwali ba, ba rashin illar ba ne, ɓoyewa aka yi.

A gida, idan an zo neman 'yarka, kakan tura mutum unguwar su yaron, ya zauna a bakin masallaci, ya sayi goro, ya ji ko wane ne ubansa, ya ji ko yana gaishe da mutane. A nan babu unguwar su kowa. Kowa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a aljihu, kowa kuma labarin da ya ba ka na kansa shi ne labarinsa. Don haka al'adarmu a Ƙurban ita ce a je wa mai aski. Na je, na zauna, na jira ya shafa mini kumfa, sannan na kwatanta masa yaron.

Bai ko dakata ba. "Ba shi, Lokotoro."

"Haka kawai?"

"Na ce ka ba shi. Ɗaga haɓa."

Na koma gida na ce wa matata magana ta kusa ƙarewa. Aka sanar da mu cewa kawun yaron, wanda zai karɓa masa auren, yana zuwa Umara, zai yi kwana takwas a Madina kafin ya wuce Makka ya koma gida. Ana so a ɗaura a cikin kwanakin nan. In ba haka ba sai wata shekarar, in ma akwai wata shekarar a maganar. Na ce Allah ya kawo shi lafiya.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, muna shagon kamar yadda muka saba, mu takwas ko tara, ana zuba shayi. Sai Baba ya ajiye almakashi, ya goge hannu, ya ce yana da magana.

"Ranar Talata, kafin azahar, Baceke ya shigo shagon nan. Ya zauna a kujerar nan. Na gyara masa gemu."

Sai wani ya ce, "Allahu akbar!" sauran suka amsa. Lissafin a wurinsu mai sauƙi ne: idan har mutumin ya shigo tsakiyar Madina, inda ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga, yana yawo kusa da masallacin Ƙuba da gemu, to ya musulunta ke nan. Mu kuwa babu labarin da muke so kamar a ce wani shahararre ya musulunta. A gabana an musuluntar da 'yan ƙwallo da 'yan dambe da 'yan sama jannati, wasu har sau biyu, ba tare da an shawarce su ba.

Akwai wani direban motar ziyara, mutumin Maraɗi, da ke kai alhazai masallacin Ƙiblatain da sauran wurare. Shi kaɗai yake iya tsayawa da Baba. Ya kurɓi shayi ya ce, "Tsoho, ina hoto?"

"Ni ba na ɗaukar hoton wanda ya ba ni kansa. Amana ce."

"To ka tambaye shi sunansa?"

"Baƙon Manzon Allah zan tsare da tambaya kamar ɗan sanda? Kai dai ba ka da tarbiyya."

"To da me ka gane shi? Da warinsa?"

Baba ya miƙe ya kwaikwaya mana. Mutumin, in ji shi, da ya shigo sai ya waiga kafaɗar dama, ya waiga ta hagu, sannan ya zauna. Haka Baceke yake yi kafin ƙwallo ta iso shi. Da zai hau kujera sai da ya tallafi gwiwar hagu. Ƙafafunsa gwame ne irin na 'yan wasa. Larabcinsa kalma uku ne, biyu daga ciki godiya ce. Da ya ɗaga kai ya ga hoton sai ya yi murmushi.

"Ka ji," in ji direban. "Ni ma kullum na ga hoton nan sai na yi murmushi. Ashe ni ne Baceke ban sani ba."

Aka yi dariya, amma dariyar masu son labarin ya tabbata. Ni kaɗai ban yi ba. Shayin ya huce a hannuna. Ba Baceken nake tunani ba. Tunanina shi ne, bakin da ya ce mini "ba shi" kwana huɗu da suka wuce, shi ne wannan bakin. Idan idon Baba yana iya ganin kocin ƙasar Cek a Ƙurban ranar Talata, me zai hana shi ganin mutumin kirki a inda babu? Idan ka samu kwalba ɗaya ta jabu a cikin kwali, ba kwalbar kake fitarwa ba, kwalin duka kake saukewa.

Kawun yaro ya sauka. Aka aiko a ji rana, na ce a ɗan dakata. Matata ta tare ni ina ɗaura agogo zan fita aiki.

"Alhaji, mutanen nan fa jira suke. Me ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"To me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Bincike nake."

"A kan yaron?"

Na ci gaba da ɗaura agogo, saboda ko ni na san yadda amsar za ta yi a kunne. 'Yata tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ji komai. Ta dube ni ta ce, "Haram alaik, ya Baba," ta juya. Na ce mata ta faɗa da Hausa in tana da gaskiya. Ta ce da Hausa babu yadda za ta faɗa ba ta yi rashin kunya ba.

Mai hankali da sai ya ɗauki mota ya nufi hanyar Badar ya tambayi abokan aikin yaron. Na yi tunanin haka, sai na ga ai abokan aiki abokansa ne, za su rufa masa asiri. Na yi tunanin kiran Katsina, sai na ga duk wanda zan kira ta hannun danginsa zan samu lambarsa. Kowace hanya na bi sai na tarar da dalilin zarginta a tsaye yana jirana. Abu ɗaya ne nake iya aunawa da kaina, shi ne maganar Baba. Idan Baceke ya zo Ƙurban, shaidarsa ta tsaya. Idan bai zo ba, ta faɗi. Haka na wayi gari, ni uban amarya, ina binciken wani Bature da bai nemi 'yata ba.

Kwana biyar na yi ina wannan aiki a lokacin hutun cin abinci, waya a jingine da kwalin maganin tari. Na kalli tsofaffin wasanninsa. Da farko na zarge shi shi ma: mutumin da ba ya son a gan shi, me yake ɓoyewa? Amma a hankali na ga abin da Baba yake faɗa. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga sau biyu, kamar mai tsallaka titin da babu danja. Ya taɓa ɗaya, ya taɓa biyu, ya raba kansa da ita. Idan aka ci, kyamara ta bi wanda ya ci yana gudu yana dukan ƙirji, shi kuwa sai ka hango shi can a gefen hoto yana komawa tsakiyar fili yana jan safa. Na gan shi ya zama koci, yana tsaye a bakin layi hannu a aljihu, ba ya ihu. Na ga 'yan kallo a ƙasarsu sun ɗaga wani babban ƙyalle da fuskarsa a jiki, alhali a ranar shi ne kocin abokan hamayyarsu. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu nan idan mutum ya bar ƙungiyarmu ko gaisuwarsa sai mun yi shawara kafin mu amsa.

Wata rana wani Balarabe ya miƙo mini takardar magani, na ce masa, "Daƙiƙa ɗaya," saboda ana shirin bugun kusurwa a wasan da aka gama tun kafin a haifi 'yata. Sai da na ji kunyar kaina.

A rana ta biyar na samu abin da nake nema, kuma ban ji daɗin samunsa ba. Wani ɗan gajeren bidiyo ne: Baceke a filin atisaye a ƙasarsu, cikin rigar sanyi har wuya, hayaƙi na fita daga bakinsa, yana amsa tambayoyin 'yan jarida. Ranar Talatar nan ce. Ban yarda da kwanan watan ba sai da na gan shi a wuri uku dabam-dabam. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, haɓarsa kuwa fes, ko gashi ɗaya babu.

Saura kwana uku kawun yaro ya bar gari. Washegari da safe, kafin mutane su fara zuwa, na je shagon. Ban iya fara maganar a tsaye ba, sai na zauna a kujera, ko da yake askina bai kai ba. Baba ya yafa mini zane, ya shafa kumfa, ya wasa aska. Na ga idan na bari ya fara, ba zan iya ba. Na zaro wayar daga ƙarƙashin zanen na miƙa masa.

"Baba, duba wannan. Ranar Talata ce."

Ya ajiye askar. Ya nisanta wayar daga idonsa, ya kalla har ƙarshe. Ya ce in mayar masa farko, na mayar. Ya sake kallo. Ya ɗaga kai ya dubi hoton da ke jikin madubi, ya dawo da ido kan wayar.

"Wannan ne shi?"

"Shi ne."

"Ya tsufa. Wallahi Lokotoro, wanda ya zo nan ya fi wannan kama da shi."

"Na yarda. Amma kama da wane ba wane ba ce."

Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki askar. Na tsaya cak, ina tuna duk wasan Kanawa da Damagarawa da na taɓa yi masa. Ya aske ni tsaf, a hankali, bai yanke ni ko kaɗan ba, sannan ya zo goge mini fuska.

"Kar ka faɗa wa kowa," ya ce.

Zuciyata ta ce, ka gani ko, ga shi nan zai rufe.

"Ni na faɗa a gaban mutane. Ni zan kwance a gabansu. Gobe Juma'a."

Na zo da zargina a aljihu, ina jiran in ga yadda zai lanƙwasa maganar. Na san hanyoyin: a ce ƙila ƙaninsa ne, a ce bidiyon tsoho ne, a ce Turawa sun ɓoye musuluntarsa. Da ya ɗauki ta ƙarshen nan da babu wanda zai ja da shi, don kowa a wurin a shirye yake ya yarda. Bayan la'asar, da shago ya cika, sai ya miƙe a daidai inda ya tsaya wancan makon.

"Jama'a, maganar da na yi muku ba haka take ba. Ba Baceke ba ne ya zo. Ranar yana ƙasarsu, na gani da idona. Ni ne na yi kuskure. Wanda ya kai labarin wani wuri ya je ya gyara, alhakin a kaina yake."

Direban nan na Maraɗi ya ajiye kofi a hankali kamar wanda aka kawo wa kyautar da ya daɗe yana jira.

"La ilaha illallahu. To tsoho, kabbarar da muka yi fa? Wa zai mayar mana?"

"Kabbara ba ta faɗuwa ƙasa banza."

"Ni fa har alhazai mota biyu na gaya wa a Ƙiblatain. Wata hajiya har kuka ta yi. Yanzu labarin ya isa garin Tawa."

"Sai ka bi shi da mota."

"Gobe in wani baƙi dogo ya shigo, ka duba shi da kyau, kar ka ce mana Sarkin Makka ne ya zo a rage masa saje."

Haka suka yi ta yi masa har aka kira magariba. Wani ya ce a sayo masa tabarau, wani ya ce a juya hoton ya kalli bango kar ya sake fitowa. Baba ya tsaya ya shanye duka, yana share gashi a ƙasa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shi dai Allah ya shirye shi, mutumin kirki ne." Aka ce amin, har da direban.

Ni kuwa ina zaune ina warware wani lissafi. Dattijon da ya shekara ashirin ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, ya miƙe da ƙafarsa ya zubar da girmansa a gaban yaran bayansa, a kan maganar da babu wanda ya isa ya tilasta shi. Idan irin wannan mutum yana da shakka a kan manemin 'yata, zai faɗa. Da muka fito za mu masallaci na ja shi gefe.

"Baba, maganar yaron nan fa? Kana nan a kan bakanka?"

"Wannan kam ina nan. Ba shi."

Na aika wa kawun yaro cewa gobe bayan la'asar za a ɗaura. Matata ta ce alhamdu lillahi, ba ta tambaye ni abin da binciken ya gano ba, ni ma ban ba da kaina ba.

Washegari muka taru a masallacin unguwa. Ina wurin alwala sai ga angon ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni. Ya wanke hannu, ya wanke fuska. Da ya zo shafar kai sai ya cire hular nan da ban taɓa ganinsa babu ita ba. Kai ne sumul, yana ɗaukar ido, kamar ƙoƙon da aka wanke aka kife a rana. Ba aski ba ne. Na san aski, na san sanƙo, ina sayar da maganin da ba ya yi wa sanƙo komai. Wannan kan ya yi shekaru rabonsa da buƙatar kowa.

Ban san yadda na ƙarasa alwalar ba. Na sami Baba a bakin ƙofa yana cire takalmi, na riƙe masa hannun riga.

"Baba, yaron nan ba shi da gashi."

"Gashi za ka aurar wa?"

"Ya taɓa zama a kujerarka?"

"Ya zauna ya yi me? Gemunsa ma a gida yake gyarawa. Abokinsa ya rako, sau ɗaya."

"Sau ɗaya! To a kan me ka ce in ba shi 'yata?"

Ya dube ni irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya maimaita aji.

"Lokotoro, shekara ashirin hoton nan yana jikin madubi. Duk wanda ya shigo sai ya ce, wane ne wannan? Likitoci, malaman jami'a, har da kai. Yaron nan ya shigo, ya tsaya a gaban hoton, ya kira sunansa cikakke, na farko da na biyu, bai yi tuntuɓe ba. A duniyar da kowa mai cin balo ya sani, shi ya san mai bayarwa. Wanda idonsa ke ganin mai wahala a bayan fage ba zai raina mace ba. Muje, liman yana jira."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ga kawun yaro can a sahun gaba ya baje babbar riga, ga dabino an jera, ga mutanen da na gayyata da bakina. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ban taɓa fahimtar maganar ba sai a ranar. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bayan kwana biyar ɗin da na yi da Baceke a bayan kanta, hujjar Baba ba ta yi mini kama da shirme ba kamar yadda ya kamata. Na shiga, na zauna, aka tambaye ni, na ce na bayar.

Yau shekara shida ke nan. Suna zaune a wajen Ƙiblatain, da 'ya'ya biyu. Na sa ido iyakar iyawata, na yi tambayoyi ta bayan gida, na lura da fuskar 'yata duk ranar da ta zo, ban kama shi da komai ba. Idan ta yi dogon aiki a asibiti shi yake dafa wa yara abinci, kuma ba daga bakinsa na ji ba. Baba yana nan, hoton yana nan. Baceke ya canza ƙungiya sau biyu tun daga lokacin, mun bi shi, yanzu har da ni. Ni ne ma nake kawo wa shago labarinsa. Na gyara aƙidata kaɗan: na riƙa cewa mai aski ba ta kai kaɗai yake sanin mutum ba, yana da wasu ma'aunai da ilimin boko bai kai gare su ba. Na faɗi haka a wurare da dama, an kuma jinjina mini.

Da ƙaramar sallar da ta wuce suka zo mana yini. Bayan an ci abinci na ga dama ta samu, na matsa kusa da surukina, na ce masa ina so in ji ra'ayinsa a matsayinsa na masani: Baceke ya fi iya wasa ne ko ya fi iya koyarwa? Ya ce wane Baceke? Na ce na jikin madubin Baba mai aski, wanda ya kira sunansa cikakke. Ya yi ɗan tunani, sannan ya tuna.

Ya ce shi bai taɓa zama ya kalli ƙwallo ba a rayuwarsa. Sunan a rubuce yake a ƙasan hoton.